Ayaba, Sirotonin da Ƙofar "Ba Shiga"

[Hoto: tiren ayaba a bakin kasuwar Birnin Kebbi, hannu yana zaɓa]

Assalamu alaikum. Na san kun ga bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Wani matashi riƙe da ayaba, yana cewa cike take da sirotonin, sinadarin farin ciki, ka ci biyu kullum ka yi ban kwana da damuwa da maganin asibiti. Da a kan ayabar ya tsaya, da ban tanka ba. Abin da ya tashe ni tsaye kiran gwaggona ne daga Jega. Tun bayan rasuwar mijinta barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, har likita ya ɗora ta a kan magani ta soma dawowa daidai. Sai ga ta a waya tana cewa, "Ɗan nan, to in ajiye ƙwayoyin nan ke nan?"

Gwaggo, ki yi haƙuri ki saurare ni zuwa ƙarshe. Bidiyon nan naki ne.

[Hoto: tsofaffin hotunan ɗakin gwaji, shekaru suna bayyana a allo]

Tarihin a gurguje. A shekarun 1930 wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, ya gano wani sinadari a bangon hanji mai sa hanjin motsi. A 1948 wasu masana uku a Cleveland ta Amurka suka tace wani sinadari daga jini mai matse hanyoyin jini, suka raɗa masa suna sirotonin. Daga baya aka gane abu ɗaya ne. Sai a 1953 wata mata, Betty Twarog, ta nuna cewa akwai shi a ƙwaƙwalwa. Kun ga jerin? Hanji, jini, sannan ƙwaƙwalwa.

Har gobe kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin da ke jikinka a hanji ake yin sa. Ayaba ma tana da shi, wannan yaron bai yi ƙarya ba. A mataki na gaba ne ya yi tuntuɓe, kuma nan za mu yada zango.

[Hoto: zauren wani gida, an rubuta "BA SHIGA" da gawayi a bango]

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan rubutu. Ko kai wane ne, ka tsaya a zaure ka yi sallama. To, ƙwaƙwalwa ma gidan ba shiga ce. Ƙananan hanyoyin jinin da suka ratsa ta, bangonsu a matse yake gam, ba kamar na sauran jiki ba. Ba duk abin da ke yawo a jini ake bari ya wuce ba, kuma sirotonin yana cikin waɗanda ake tsayarwa a zaure.

Bari in maimaita a hankali. Sirotonin na hanji da na ayaba ba ya shiga ƙwaƙwalwa.

To ina yake zuwa? Wani ƙwayoyin da ke daskarar da jini su kwashe su adana, don ranar da ka yanke. Wani hanta ta farfasa shi, ya fita ta fitsari. Shi ya sa akwai wani gwajin fitsari da likita zai ce ka ƙaurace wa ayaba, abarba da tumatir na 'yan kwanaki kafin a yi maka, don kada su rikita sakamakon. Can ne tafiyar sirotonin ɗin ayabarka take ƙarewa.

[Hoto: zanen ƙwaƙwalwa, wani ɗigo a tushenta yana haske, zaruruwa suna bazuwa]

Ita ƙwaƙwalwa da kanta take girka nata. Ku dubi wannan ɗan wurin, a tushenta, sama da ƙeya kaɗan. Cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kanka, 'yan dubu ɗari kaɗan ne suke wannan aiki, amma rassansu sun kai kusan kowane lungu. Kayan girkin kuwa daga abinci yake zuwa: wani ɗan gutsuren furotin mai suna tiriftofan, wanda ake samu a ƙwai, kifi, nono, wake, gyaɗa da riɗi. Shi kamar yaro ne ɗan aike, ana barinsa ya shiga cikin gida.

Na san abin da za ku ce: shi ke nan, sai in cika cikina da kifi. A nan ma akwai lauje cikin naɗi.

[Hoto: bakin ruwa a Yauri, mutane suna turereniyar shiga kwale-kwale]

Tiriftofan ba shi da jirginsa na kansa. Kwale-kwale ɗaya yake shiga da wasu 'yan'uwansa gutsattsarin furotin, kuma duk sun fi shi yawa a cikin abinci. Ka ci kifi da yawa, ka ƙaro shi, amma ka ƙaro masu ture shi a bakin ruwa fiye da yadda ka ƙaro shi. Wurin zama bai ƙaru ba. Don haka babu wani kwanon abinci guda da zai sauya maka yanayin zuciya kamar an kunna fitila. Ku ci abinci mai gina jiki, jiki na buƙatarsa, amma kada a sayar muku da shi a matsayin maganin ciwon damuwa.

[Hoto: ɓeran gwaji, kyamara ta matso kan gashin bakinsa]

Sunan nan ma, sinadarin farin ciki, ni ya dame ni, domin ya rage wa abin daraja. Aikinsa yana farawa tun ɗa yana ciki. A 2011 wani bincike a kan ɓeraye ya nuna cewa a farkon ciki mabiyiya ce take yin sirotonin daga tiriftofan ɗin uwa, tana aika wa gaban ƙwaƙwalwar ɗan tayi, inda yake taimaka wa jijiyoyi su san inda za su nufa. Kuma ku dubi gashin bakin nan. Kowane sili ɗaya yana da ɗan ɗakinsa a ƙwaƙwalwar ɓera, a jere kamar kunyoyin gona. A ɓerayen da sirotonin ya yi wa yawa a kwanakin farko na haihuwa, ɗakunan ba sa fitowa, sai su cuɗe. Yawansa ma ɓarna ne.

[Hoto: fara ɗaya a kan ganye, sannan garke ya rufe sama]

Manoma, wannan taku ce. Farar hamada a zamanta na yau da kullum gudun 'yan'uwanta take yi. A 2009 masana a Ingila suka nuna cewa idan fari suka cunkushe suna gogar ƙafafun juna, cikin 'yan sa'o'i sirotonin yakan tashi a jijiyoyinsu, sai su soma neman juna. Mafarin farin dango ke nan. Sinadari ɗaya, a hanji aiki daban, a jini daban, a jikin fara daban. A kanka kuma yana da hannu a barci, da cin abinci, da tashin zuciya, da yadda kake danne fushi.

[Hoto: hannun dattijuwa riƙe da katin magani]

Mu koma kan ƙwayoyin Gwaggo. Irin su fuloksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987, suna ratsa zauren nan, su hana jijiya saurin tsotse sirotonin ɗin da ta fitar. Wannan yana faruwa cikin sa'o'i, amma sauƙin sai an yi makonni. Wato labarin ya wuce "sirotonin ya yi ƙasa, magani ya cika shi." A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka tattara binciken shekaru, suka ce ba su ga tabbatacciyar hujjar cewa ƙarancin sirotonin ne ke haifar da ciwon damuwa ba. An yi ta muhawara a kai, wasu masana sun ƙalubalance su. Amma kada a karkatar da zancen. Farasitamol yana sauƙaƙa ciwon kai, kuma babu mai cewa rashin farasitamol ne ya kawo ciwon. A 2018 an haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magungunan damuwa 21, aka ga dukkansu sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta aiki, ko da yake wani maganin ya fi wani aiki.

Abu biyu nake roƙo. Mai shan irin wannan magani kada ya yanke shi dare ɗaya, domin yakan jawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon. Likita ne zai rage shi sannu a hankali. Sannan matasanmu, tiramol ma yana taɓa sirotonin. Haɗa shi da maganin damuwa yana iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa da ruɗewa, har a rasa rai.

[Hoto: mai ayaba tana saka ayaba a leda, tana miƙowa]

Gwaggo, ranar Juma'a ina tafe Jega in Allah ya yarda, da ayabarki a hannu. Ki ajiye min katin asibitin a kusa, ranar da za ki koma ganin likita tare za mu je.