Manhajarku Ta Daskare Ko Ta Ƙi Buɗewa A Kwamfutar Wani? Ga Inda Za Ku Duba

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Manhajar da za mu yi misali da ita ƙarama ce, ta lissafin kayan kanti. Da Python aka rubuta ta, tagarta kuma da Tkinter aka gina, wanda ke zuwa tare da Python ɗin a kan Windows. Da gangan aka cusa mata kurakurai, irin waɗanda ɗan koyo da gwani duka ke tuntuɓe da su. Masu aiki da C#, Java ko Qt kada ku tashi, sunaye ne kawai suka bambanta, ciwon iri ɗaya ne.

Kafin a taɓa komai, a sa manhajar ta yi magana. Tkinter na da wata ɗabi'a: idan kuskure ya auku a cikin aikin da maɓalli ya kira, manhajar ba ta mutuwa. Takan rubuta bayanin kuskuren a baƙar tagar umarni, ta ci gaba da harkarta. Idan kuwa da danna gunki aka buɗe ta, kuma an ɓoye waccan baƙar taga, bayanin ya tafi a iska. Abin da mai kanti zai ce kawai shi ne, "Na danna, ba abin da ya faru." Saboda haka ku buɗe tagar umarni (Command Prompt), ku kunna manhajar daga can, ku sake danna maɓallin. Rubutun da zai zubo, daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe ne ke faɗin nau'in kuskuren. Daga nan ku yi sama har ku iske sunan fayil ɗinku da lambar layi, ku tsallake layukan da ke nuna cikin Tkinter kansa, da wuya laifin ya kasance nasa. Domin kwamfutar da ba kwa kusa da ita kuma, ku sa logging, mai ajiye bayanan abin da ke faruwa, ya riƙa rubutawa a fayil, sannan ku maye gurbin report_callback_exception na babbar taga, aikin da Tkinter ke kira in an sami irin wannan kuskure, da aikinku, wanda zai adana kuskuren ya kuma nuna saƙo. Layi biyar ko shida ne, amma duk abin da zai biyo baya a kansu ya dogara.

To, kuskure na farko. Ana buɗe manhaja sai aikin adanawa ya gudana da kansa, in an danna maɓallin kuma shiru. Ku dubi inda aka rubuta command, wurin da ake faɗa wa maɓalli aikin da zai kira. An sa sunan aikin da baka biyu a bayansa, wato adana(). Bakan nan na nufin "yi aikin yanzu", don haka Python ya yi shi tun ana gina taga, ya miƙa wa maɓallin sakamakon, wato None, ma'ana ba komai. A cire bakan, a bar sunan aikin kaɗai. In aikin na buƙatar a ba shi wani abu, a naɗe shi cikin lambda, wato ƙaramin aiki marar suna. Nan ma akwai tarko: idan kun ƙera maɓallai goma a cikin zagaye guda, kowanne da lambda mai amfani da i, lambar ƙirgan zagayen, dukansu za su yi aiki da ƙimar i ta ƙarshe, domin sai lokacin dannawa ake duba ta. Ku rubuta lambda i=i, kowane maɓalli ya riƙe tasa.

Yanzu babbar matsalar, daskarewa. Kun danna "Fitar da rahoto", taga ta yi fari-fari, Windows ya rubuta Not Responding a samanta. Manhajar ba ta mutu ba, aiki take yi, kuma fahimtar wannan ita ce rabin maganin.

Ku ɗauka kanti ne mai yaro guda ɗaya. Shi ke karɓar kuɗi, shi ke miƙa kaya, shi ke amsa sallama. Layin nan na ƙarshe a kod ɗinku, mainloop, shi ne yaron. Duk motsin linzami, duk danna harafi, duk buƙatar a sake zana taga, saƙo ne da ke shiga layi, shi kuma yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Da kun danna maɓalli, aikinku ma shi ke yi. In aikin ya ɗauki daƙiƙa ashirin, kun aike shi sito kenan, kanti ba kowa. Windows kan jira kimanin daƙiƙa 5, in taga ba ta karɓi saƙo ba sai ya ayyana ta a matsayin wadda ta daina amsawa. Wannan ne ma dalilin da ya sa in kun rubuta "Ana aiki..." a kan lakabi kafin dogon aiki, rubutun ba ya bayyana sai an gama: an ba da umarnin zanawa, mai zanawar ne ba ya nan.

Magani ya danganta da irin jiran. Idan jinkiri kawai kuke so, misali saƙo ya ɓace bayan daƙiƙa 3, kada ku kusanci time.sleep, domin yaron yake kwantarwa. Ku yi amfani da after, ku ba shi 3000, tunda da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ƙirga, tare da sunan aikin da zai kira. Idan kuwa aiki ne mai nauyi, kamar sauko da bayanai daga intanet ko karanta layi dubu ɗari, sai a ɗauki ma'aikaci na biyu, wato zaren aiki na daban ta hanyar threading. Sharaɗi guda ne, kuma ba a karya shi: ma'aikaci na biyu ba ya taɓa taga. Ba ya canza lakabi, ba ya motsa sandar ci gaba. Abin da ya samo yakan jefa shi cikin Queue, wato layin saƙonni, babban zare kuma, wato yaron kantin, ya riƙa leƙawa ta hanyar after da aka ba 100, in ya ga abu ya ɗauka ya nuna. Wanda ya karya sharaɗin zai iya gamuwa da saƙon "main thread is not in main loop", ko abin da ya fi muni, manhaja ta yi lafiya sati guda sannan ta rufe kanta ba sallama. A WinForms na C# saƙon shi ne "Cross-thread operation not valid", maganinsa Invoke. A Swing na Java, invokeLater. A Qt, sigina ake aikawa.

Za ku ga wasu na cusa update a cikin zagayen dogon aiki don taga ta riƙa numfashi. Yana aiki a ido, amma ba shawara ba ce. Tunda taga na karɓar danni a tsakiyar aikin, mai kanti mai gaggawa zai sake danna maɓallin, aiki na biyu ya fara a cikin na farko, ciniki ɗaya ya shiga littafi sau biyu. Ko da zaren daban kuka yi, ku kashe maɓallin da zarar an danna, ku kunna shi in sakamako ya dawo.

Da kun raba aiki gida biyu, SQLite, rumbun bayanan manhajar, zai ɗaga murya. Haɗin da aka buɗe a zare ɗaya ba ya yarda a yi amfani da shi a wani, kuma zai faɗa muku haka ƙarara. Kowane zare ya buɗe nasa haɗin, ya rufe in ya gama. Saƙon "database is locked" kuma ma'anarsa wani ya fara rubutu bai kammala ba. Python kan jira daƙiƙa 5 kafin ya haƙura ya kawo ƙara. Ku nemi inda aka manta commit, umarnin da ke kammala rubutun. Ku kuma duba ko kun bar fayil ɗin a buɗe cikin manhajar duba rumbun bayanai da gyaran da ba a adana ba, wannan kan cinye wa mutane awa guda a banza.

Sai hoton da ke ɓacewa. Kun loda tambarin kanti da PhotoImage a cikin wani aiki, ba kuskure, amma wurin hoton fayau. Ma'ajin da ke riƙe da hoton na cikin aikin ne, aiki na ƙarewa Python ya ga ba mai riƙe da shi ya share, Tk kuwa, wanda Tkinter ke aiki a kansa, suna kawai ya riƙe. Ku liƙa hoton a jikin lakabin ko a jikin self, magana ta ƙare. Tk 8.6 na karanta PNG da GIF, JPEG kuwa sai da Pillow, ƙunshin sarrafa hotuna na Python.

Wannan na gaba namu ne, masu rubuta Hausa. An shigar da "ƙwai" da "ɗanyen man gyaɗa", an danna adanawa, sai ga UnicodeEncodeError, wai charmap ya kasa. Idan kun buɗe fayil da open ba ku faɗi tsarin haruffa ba, Python kan bi na kwamfutar, wanda a Windows na Turanci cp1252 ne. Tsari ne mai gurbi 256 kacal, da Turawan yamma aka yi shi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar, babu ma alamar ₦. A duk inda kuka buɗe fayil na rubutu, karatu ko adanawa, ku faɗa masa encoding ɗin utf-8 ne.

Siffar lalacewar ma tana faɗin inda cutar take. In kun ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, bayananku lafiya lau suke. UTF-8 na adana ƙ da bayit biyu, mai karantawa ne ya ɗauki kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa. Excel na yawan yin haka da fayil ɗin CSV in an buɗe shi da danni biyu, sai ku adana da utf-8-sig, wanda ke sa wata 'yar alama a farkon fayil da Excel ke ganewa. In ƙananan akwatuna kuka gani, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, ku koma irin Noto Sans. Alamar tambaya ce mugun labari. Idan a cikin fayil ɗin kansa take, an maye gurbin harafin tun lokacin adanawa, sau da yawa don wani ya sa errors="replace" domin kuskuren ya yi shiru, kuma ba kod ɗin da zai dawo da shi.

Tunda an ambaci naira: kada ku riƙe kuɗi a lamba mai ɗigo. Ku tara 0.1 da 0.2 a Python ku ga 0.30000000000000004. Ku adana kobo a cikakkiyar lamba, ko ku yi amfani da Decimal.

Saura ranar miƙa aiki. Kun haɗa exe, fayil ɗin da ake dannawa manhaja ta tashi, ta amfani da PyInstaller, a wurinku yana tashi, a kwamfutar kanti ya ƙi. Ku sake haɗa shi ba tare da windowed ba, zaɓin da ke ɓoye baƙar taga, ku kunna shi daga tagar umarni a can, ku karanta. Galibi FileNotFoundError ne. Kun rubuta sunan hoto kai tsaye, shi kuma ana nemansa ne a foldar da aka kunna manhaja daga cikinta, ba inda kod yake ba. PyInstaller ma ba ya kwasar hotuna da kansa, sai kun lissafa su da add-data. In kuma da onefile kuka haɗa, duk lokacin da aka kunna yakan zazzage kayansa a wata foldar wucin gadi mai suna da ke farawa da _MEI, adireshinta na cikin sys._MEIPASS. Ku rubuta ƙaramin aiki ɗaya da ke gina hanyar fayil daga can in akwai shi, in babu daga inda kod yake, kowane hoto ya bi ta nan.

In ModuleNotFoundError ne, an shigo da wani ƙunshi ta hanyar da PyInstaller bai hango ba, ku ambace shi da hidden-import. In tsohuwar kwamfuta ce mai Windows 7, Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tashi a kanta, kuma exe na 64-bit ba ya aiki a Windows na 32-bit. A tambayi irin kwamfutar tun kafin a fara rubutu.

Rumbun bayanai kuwa kada ya kwana a _MEI. Ana share foldar da zarar an rufe manhaja, gobe a zazzage sabuwa, cinikin jiya duka ya tafi kuma ba saƙon kuskure ko ɗaya. Kada kuma ya zauna a Program Files, inda mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu, can PermissionError ke jiranku. Ku karanta APPDATA, foldar da Windows ya ware don bayanan manhajoji, daga os.environ, ku ƙirƙiri folda da sunan manhajarku a ciki da makedirs, ku sa rumbun a nan tare da fayil ɗin logging da muka fara da shi. Sannan ku gwada kamar haka: a shigar da kaya uku, ɗaya mai ƙ a sunansa, a rufe manhaja, a kashe kwamfuta, a kunna, a duba ko ukun suna nan.