Me Ya Sa Jamusanci Yake Cijewa a Matakin B1?

Habibu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da yamma daga nan Maraɗi. Tun da aka shiga hutu, kusan duk fadar da na zauna shan shayi maganar B1 ake yi, wato matakin tsakiya a koyon Jamusanci, kuma galibin saƙonnin da kuka aiko mana ta WhatsApp tambaya ɗaya suke ɗauke da ita: me ya sa mutum yake gudu a matakan farko, A1 da A2, amma da ya kai matakin tsakiya sai ya cije? Shi ya sa muka tare Nafisa, wadda take karatun Jamusanci a jami'a a Lome, tun ba ta gama zagayen gaida dangi ba. Malam Lawali kuma yana nan a kujerarsa ta kullum.

Nafisa: Na gode, Yaya Habibu. A matakin farko abin da ake nema gare ka shi ne ka faɗi sunanka, ka sayi burodi, ka tambayi hanya, kuma duk wannan hadda tana iya ɗaukarsa. A B1 kuwa ana so ka bayyana ra'ayinka ka kawo dalili, kuma da zarar ka ce weil, wato "saboda", sai aikatau ya tashi ya koma can ƙarshen jimla, ka riƙe shi a baki har ka gama faɗin duk sauran. Ni dai shekara guda na yi ina shirya magana da Hausa, in juya ta zuwa Faransanci, sannan in sake juya ta zuwa Jamusanci, kafin in buɗe baki an riga an wuce zuwa wata tambayar.

Malam Lawali: Ai nan ne cutar take, ƴata, kuma na daɗe ina faɗin haka a wannan shiri ana yi mini dariya. Yaron da ya fito lise a ƙasar nan ya ɗauka Faransanci ne kaɗai gadar da za ta kai shi ga wani harshen Turai, alhali sau da yawa Hausar da ya sha a nono ta fi kusa da abin da yake nema. Ki gaya musu maganar rana da wata.

Nafisa: A Faransanci rana namiji ce, wata kuma mace, amma Bajamushe yana cewa die Sonne da der Mond, wato rana ta fito, wata ya tsaya, daidai yadda muke faɗa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hin da her, waɗanda abokan karatuna suke ta fama da su. Ranar da na gane cewa hinein "shiga" ne, herein kuma "shigo", hinaus "fita", heraus "fito", ban sake kuskurensu ba, domin wannan wasalin "o" da muke sawa idan abu yana nufo mu shi ne aikin da her yake yi. Haka ma dogon wasali da gajere: kunnen da ya saba raba fari na launi da fari na "ɗan fari" ba zai sha wahalar raba Stadt, gari, da Staat, ƙasa ba.

Habibu: To amma das fa? Mu jinsi biyu muka sani.

Nafisa: Nan kam Hausa ta janye hannunta, domin yarinya ma das Mädchen ce, ba mace ba namiji a nahawu, sai dai a haddace kowane suna tare da abin da ke gabansa. Agogo ma ya taɓa kunyata ni. An ce mu haɗu halb drei, na ji "rabi" na ji "uku", na iso ƙarfe uku da rabi da kwalliyata, ashe biyu da rabi ake nufi, har an tashi.

Malam Lawali: Wannan ba laifin Jamusanci ba ne, da an ce miki ƙarfe biyu ma, uku da rabin za ki iso, tunda ƴar Maraɗi ce ke. Habibu da ke dariya, ɗaurin auren ƙaninsa da aka sa ƙarfe takwas, sai da aka shafa fatiha aka raba goro ya iso yana tambayar ko liman ya zo.

Habibu: Malam, babur ne ya mutu mini a hanyar Tibiri, kuma wannan magana ta kai shekara uku kana maimaita ta.

Malam Lawali: Zan ci gaba da maimaita ta har ka saya mini goron da na ajiye maka. Amma bari in koma kan abin da nake son matasa su ji, wato cewa tsakaninmu da Jamusawa ba yau aka fara ba. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa, kuma daga nan abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya nufo Gobir da Maraɗi, lokacin garin yana can ƙasa cikin fadama, kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu. Barth da Hausa ya yi ta hulɗa da mutane a tafiyarsa, kuma a 1855 ya koma Turai tare da wani yaro, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. Daga bakin wannan yaro ne Schön, wani ɗan mishan, shi ma haifaffen Jamus, ya samu da yawa daga cikin Hausar da ya rubuta nahawunsa na 1862 da ita. Har yau ana koyar da Hausa a jami'ar Hamburg, sashen Hausa na DW kuma tun 1963 yake magana da mu. Su sun zo sun koyi namu kai tsaye daga bakin masu shi, mu kuma sai mun bi ta Paris kafin mu isa Berlin.

Nafisa: Sai dai, Malam, shi Dorugu a cikin Turawa ya zauna yana jin harshe safe da yamma, mu kuwa daga aji sai ɗaki, shi ya sa ɓangaren saurare ne ya fi kayar da ɗalibai a cikin waɗanda na sani. Sauƙin da ke akwai shi ne jarrabawar B1 ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe kashi huɗu ce, karatu da saurare da rubutu da magana, kowanne ana neman maki 60 cikin 100, kuma wanda ka faɗi shi kaɗai za ka sake. Amma kada wanda ya samu B1 ya ɗauka ya gama, domin shiga jami'a a Jamus galibi sai da wata jarrabawar Jamusanci, DSH mataki na 2 ko TestDaF mataki na 4, waɗanda suke can sama da B1.

Habibu: Mun yi alkawarin Nafisa za ta tsara wa masu saurare yadda za su raba mako tsakanin nahawu da saurare, ga shi har an fara kiran magariba.

Malam Lawali: Ban ma kai ga komawar Dorugu Kano ba.

Habibu: Sai mako mai zuwa, Malam, idan Allah ya kai mu. Nafisa, ki turo jadawalin, zan sa shi a ƙarƙashin shirin.