Me Ya Sa Aure Yake Farawa A Bakin Rijiya?

Jama'a, ku lura da wani abu a Littafi Mai Tsarki. Da zarar baƙo ya yi doguwar tafiya ya yada zango a bakin rijiya, to ku fara jiyo ƙamshin biki. Budurwa za ta zo, a ɗebo ruwa, ta ruga gida da labari, a kira baƙo cin abinci, magana ta kai ga aure. Masu sauraro na dā sun san wannan tsari kamar yadda yaro ya san abin da ke biyo bayan "ga ta nan, ga ta nanku". Don haka inda aka sauya shi suke kasa wa kunne, domin nan halin mutum yake fitowa.

A Farawa sura 24, angon ma bai zo ba. Ishaku na gida, bawan Ibrahim, mahaifin Ishaku, aka aika da raƙuma 10. Rifkatu ta sauke tulu ta ba bawan ya sha, sannan da bakinta ta ce za ta shayar da raƙuman har su ƙoshi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da raƙumi mai ƙishirwa ya san nauyin wannan magana. Tana juye tulu a komi, tana komawa da gudu, dattijon ya zuba mata ido bai ce uffan ba. A ganina nan aka gama gaya mana wace ce ita. Matar da ta yi wannan zirga-zirga ita ce daga baya ta ɗaura wa ɗanta Yakubu fatar 'yan awaki a hannu da wuya, ya karɓe albarkar wansa Isuwa.

Shi Yakubu, a sura 29, dutse ya tarar a bakin rijiya, wanda sai makiyaya sun hallara ake kawar da shi. Yana hango Rahila ya ture shi shi kaɗai, ya fashe da kuka. Haka rayuwarsa ta tafi, komai sai da kokawa, har shekara 14 ya yi wa mahaifinta Laban bauta saboda ita.

Musa kuwa, a Fitowa sura 2, zalunci ya tarar. Makiyaya sun kori 'ya'yan firist na Madayana su 7, ya tsaya musu. Mai ceto ke nan tun kafin a aiko shi wurin Fir'auna. Musulmi sun san wannan zango a Suratul Ƙasas, inda matan su biyu ne.

Sai Yohanna sura 4. Yesu ya zauna a rijiyar Yakubu da tsakar rana, Basamariya ta zo, ya ce ta ba shi ruwa. Kunne ya riga ya shirya jin zancen aure, kuma zancen ya taso, sai dai ta wata fuska: ta yi mazaje 5. Ita ma ta ruga gari da labari kamar Rifkatu, amma ba dangi ta kira ba, mutanen gari ta tattaro, tulun kuma ta bar shi a bakin rijiya.