Sharhi: 'Yan matan gidajen wanki na Ailan a fina-finai biyu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya leƙa ƙasar Ailan ne, inda aka yi shekara da shekaru ana tsare 'yan mata a gidajen wanki na sistocin cocin Katolika, wai don a tsarkake su daga zunubi. Aiki ba albashi, ƙofa a garƙame. Sai a 1996 aka rufe na ƙarshe a Dublin, kuma sai a 2013 firaminista Enda Kenny ya nemi gafara a madadin gwamnati.

Fim na farko shi ne The Magdalene Sisters na Peter Mullan, wanda ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Venice a 2002. Labarin 'yan mata uku ne a 1964. Ɗaya ɗan'uwanta ne ya yi mata fyaɗe ana tsakar biki, ita aka kwashe, shi ko tsawa ba a yi masa ba. Ɗaya ta haihu ba aure. Ta ukun marainiya ce, laifinta kawai tana da kyau, samari na kula ta. Fim ne mai cike da fushi, kuma fushin nan a kan hanya yake.

Amma ni, Philomena na 2013 ya fi taɓa min zuciya. Judi Dench ce ta fito a matsayin Philomena Lee, wadda mahaifinta ya kai gidan sistoci a Roscrea bayan ta yi ciki. Ku lura, masu sauraro, kafin sista ta rufe ƙofa, iyaye ne ke miƙa 'yarsu saboda gudun abin kunya. Ɗanta na da shekara uku aka bai wa wasu Amurkawa shi. Ta haɗiye maganar nan shekara 50.

Fim ɗin Mullan kusan duk mai rigar addini a cikinsa azzalumi ne, shi ya sa mai kallo ke saurin yanke hukunci ya huta. Philomena kuwa ba ta bar addininta ba, tana addu'a, har ta ce ta yafe wa wadda ta cuce ta, wannan ne ya sa zaluncin ya fito tsirara. Ɗan ya dawo nemanta, ita ma tana nemansa, sistocin ba su haɗa su ba. Ya rasu a 1995, kuma a harabar gidan nan na Roscrea, inda aka raba su, ta je ta tarar da kabarinsa.