Madurai: Birnin da Sarauniyarsa ke Zaune a Haikali

Zainab: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mun nufi kudancin Indiya, jihar Tamil Nadu, birnin Madurai da ke bakin kogin Vaigai. Ina tare da Malam Habibu da Aminu. Malam, me ya sa ka dage sai mun yi maganar haikalin Meenakshi, allahiyar da mabiya Hindu ke bauta wa?

Malam Habibu: Saboda garin ma kansa a kewaye da shi aka gina shi, Malama Zainab. Titunan tsohon birnin zobe-zobe suke, haikalin na tsakiya, kuma sunayen watannin Tamil suka ci: Adi, Chithirai, Avani, Masi. Sannan a nan mace ce gaba. Masu ibada sai sun fara zuwa wurin Meenakshi kafin su wuce wurin mijinta Shiva, ɗaya daga manyan allolin Hindu, wanda a nan suke kira Sundareswarar.

Aminu: To ita wace ce a imaninsu?

Malam Habibu: Labarinsu ya ce sarkin daular Pandya ta Madurai, Malayadhwaja, da matarsa Kanchanamalai sun daɗe ba haihuwa. Suka kunna wutar hadaya suna roƙon magaji, sai yarinya 'yar shekara uku ta fito daga cikin wutar, da nono uku. Hankalin sarki ya tashi. Wata murya ta ce masa ya raine ta kamar ɗa namiji, na ukun zai ɓace ranar da ta ga mijinta. Ta girma, ta gaji sarauta, ta ci garuruwa da yaƙi har dutsen Kailash, mazaunin Shiva. Tana haɗa ido da Shiva, nonon ya ɓace. Aka dawo Madurai aka ɗaura aure.

Zainab: Ashe jarumar yaƙi ce.

Malam Habibu: Sosai. Har yau 'yan Tamil in suna so su san wa ke juya gida, sai su tambayi mutum: gidanku Madurai ne ko Chidambaram? Madurai, uwargida ce mai faɗa a ji. Chidambaram kuwa, wani gari mai haikalin da Shiva ke gaba, maigida ne.

Aminu: Wannan labarin baka ne, Malam. Tarihi fa?

Malam Habibu: Tun ƙarni na 7 mawaƙin ibada Sambandar ya ambaci wurin a waƙoƙinsa. A 1311 Malik Kafur, kwamandan Sarki Alauddin Khalji na Delhi, ya kai farmaki Madurai, ya kwashe dukiyar haikalin. Yawancin ginin da ake gani yau aikin sarakunan Nayak ne a ƙarni na 16 da na 17, musamman Tirumalai Nayak da ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659.

Zainab: Ni hasumiyoyin ne suka ɗauke min hankali. Guda 14 ne, ta kudu ta kai kusan mita 52, tun daga ƙasa har ƙololuwa cike da siffofi masu launi, ba wurin sa yatsa. Akwai zauren da ake cewa mai ginshiƙi dubu, ko da yake 985 ne. Ga tafkin da ke tsakiya, wanda suka ce a dā ana jefa rubutun mawaƙa a ciki, mai kyau ya taso, maras kyau ya nutse.

Aminu: Na ji an ce auren nan bai ƙare ba har yanzu.

Malam Habibu: Kullum dare ake sabunta shi. Wajen ƙarfe tara, masu hidimar haikalin za su saka alamar Shiva a wata 'yar rumfa, su ɗauka a kafaɗa, ana kiɗa, ana busa wata doguwar sarewa mai kama da algaita, hayaƙin turare ya turnuƙe. Haka za a raka shi ɗakin Meenakshi, a rufe ƙofa, da asuba a mayar da shi mazauninsa. Shekara-shekara kuma, a watan Chithirai, tsakanin Afrilu da Mayu, sai a sake bikin auren gaba ɗaya. Suna cewa Vishnu, wani babban abin bautarsu, ɗan'uwan amarya ne, ya taso daga haikalinsa na Alagar Koyil, ya iso bakin Vaigai ya tarar an riga an ɗaura, sai ya tsaya a kogin bai shiga gari ba. Jama'a dinkim ke fitowa tarbarsa.

Zainab: Amma ba kowa ake bari ya shiga ba a dā, ko?

Malam Habibu: Nan ne abin ya fi taɓa ni. Shekaru aru-aru 'yan Dalit, waɗanda aka mayar ƙasƙantattu, suna bauta wa Meenakshi daga waje, ƙofa a rufe gare su. Sai ranar 8 ga Yuli, 1939, lauya Vaidyanatha Iyer ya shiga da wasu daga cikinsu. Da yawa daga limaman haikalin suka ƙaurace wa aiki na tsawon shekaru, amma ƙofar ba ta sake rufuwa ba.

Aminu: Baƙo kamarmu fa?

Malam Habibu: Zai iya zaga farfajiya da zauruka ba takalmi, amma can ciki na mabiya Hindu ne kaɗai. Wayar hannu ma a waje ake barinta, tun bayan gobarar da ta ci wani zaure a Fabrairun 2018.