Wat biyar da siginal mai rauni: lacca kan FT8 da WSPR

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanku da zuwa.

Masu rediyon sha'awa, wato mutanen da hukuma ta ba lasisi su yi magana da juna ta iska ba don kasuwanci ba, suna da wani rukuni da ake kira 'yan QRP, wato masu aika saƙo da ƙaramin ƙarfi. Ƙa'idar da akasarin ƙungiyoyinsu suka amince da ita ita ce kada ƙarfin da ke fita daga na'ura ya wuce wat 5 idan ana aika saƙo da Morse (rubutu da gajeru da dogayen sautuka) ko da kwamfuta, alhali na'urar da yawancin mutane ke saya tana fitar da wat 100. Tambayar da za mu duba ita ce yadda wat 5, wanda bai fi ƙarfin ƙaramin ƙwan fitila ba, yake iya kai saƙo daga wata nahiya zuwa wata a kan gajeren zango.

Mu fara da lissafi, domin a nan mutane suke ruɗewa. Sauka daga wat 100 zuwa wat 5 ragi ne na ninki 20, wanda a ma'aunin desibel, da ake kwatanta ƙarfin siginal da shi, ya kama 13 kawai. Idan da murya ake magana, wannan ragin yakan isa ya binne mutum, saboda murya tana buƙatar ta fi hayaniyar zangon ƙarfi sosai kafin a gane ta. Sai dai akwai hanyoyin aika saƙo da ba su da wannan buƙata, kuma wanda ya fi kowa tasiri wajen samar da su shi ne Joe Taylor, mai lambar kira K1JT (lambar da ake gane tasharsa da ita a iska), masanin kimiyyar taurari na Jami'ar Princeton a Amurka, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1993 tare da Russell Hulse. Mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana tsamo siginal mai rauni daga cikin hayaniyar sararin samaniya, sai ya kawo wannan ƙwarewa cikin sha'awarsa. A 2001 ya fitar da manhajar WSJT, daga baya ya ƙara mata JT65 domin masu harba siginal zuwa duniyar wata ya dawo ƙasa, a 2008 ya fitar da WSPR, sannan a 2017 shi da Steve Franke, mai lambar K9AN, suka fito da FT8.

FT8 tana aiki ne bi da bi, daƙiƙa 15 ga kowane ɓangare. A cikin naka lokacin, kwamfuta tana aika sauti na daƙiƙa 12.64, tana tsalle tsakanin amo takwas da suke cin faɗin haz 50 gaba ɗayansu (haz shi ne ma'aunin mitar rediyo). Saƙon kansa bit 77 ne (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, 0 ko 1), wanda ya isa ya ɗauki lambar kiran mutum biyu da wurin da mai aikawa yake ko rahoton ƙarfin siginal. Amma abin da ake aikawa a zahiri bit 174 ne, domin an ƙara wasu na gyara kuskure, ta yadda ko da wani sashe ya ɓace a hanya, kwamfutar da ke karɓa za ta iya cike gurbin. Misalinsa kamar mutum ne a tsakiyar kasuwa: ba ya fahimtar hirar da ake yi nesa da shi, amma da zarar an kira sunansa zai waiwayo, saboda kalmar gajera ce kuma ya san siffarta tun kafin a furta ta.

Za ku ji ana cewa FT8 tana karanta siginal da ke ƙasa da hayaniya da desibel 21, wato hayaniyar ta ninka shi kusan sau 125. Maganar gaskiya ce, amma tana buƙatar bayani, don kada a ɗauka siddabaru ne. Ana auna wannan adadi ne da hayaniyar da ke cikin faɗin haz 2,500, faɗin da murya take ci. Shi kuwa kowane amo na FT8 yana zaune ne a cikin haz 6.25, kashi ɗaya cikin 400 na wancan faɗi, kuma a cikin wannan ɗan wuri siginal ɗin ya fi hayaniya ƙarfi. Abin da aka yi shi ne musaya: an sadaukar da sauri da tsawon zance, an sayi nisa. Wanda yake son rubuta abin da ya ga dama a FT8 haruffa 13 kacal aka ba shi, kuma wannan ne ya sa wasu tsofaffin hannu suke cewa ai ba hira ba ce. Ban ga laifinsu ba. Mai son hira yana da JS8Call, wadda aka gina a kan tsarin FT8 don a iya musayar jimloli.

WSPR ta fi haka matse saƙo. Aikawa ɗaya tana cin kusan minti biyu, faɗinta kamar haz 6, kuma ba ta ɗauke da komai sai lambar kira da wuri da ƙarfin da aka yi amfani da shi. Ba a amsa wa juna da ita; tashoshin da suka ji ka suna tura rahoto zuwa shafin WSPRnet, inda za ka ga taswirar wuraren da siginal ɗinka ya sauka. Da yawa suna aikawa da miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya. A ganina, duk wanda ya ɗaura sabuwar eriya ya kamata ya fara gwada ta da wannan kafin ya yanke mata hukunci.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe sosai. An tsara FT8 ne domin siginal mai rauni a wurin mai karɓa, ba a tsara ta domin masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ba. A kan megahaz 14.074 ko 7.074, inda masu FT8 suke haɗuwa, za ka tarar da masu wat 100 da ma masu fiye da haka, kowa yana neman gurbi a cikin faɗin da bai fi haz 3,000 ba. Idan mai wat 100 ya samu rahoton -5, wato desibel 5 ƙasa da hayaniya, kai mai wat 5 da irin eriyarsa za ka samu -18, za a karanta ka. Idan kuwa shi -12 ya samu, kai ka faɗa -25, babu wanda zai san ka yi kira. Saboda haka mai wat 5 dole ya nemo desibel ɗinsa daga wani wuri: ya ɗaga eriya sama, ya rage tsawon waya tsakaninta da na'ura, ya duba allo ya zaɓi gurbin da babu kowa ya zauna a kai maimakon ya bi sahun wanda yake kira, kuma ya san lokacin da kowane zango yake buɗewa, domin zangon mita 40 ya fi tafiya nesa da dare, zangunan mita 15 da mita 10 kuwa da rana, musamman a shekarun da rana take kan ganiyar zagayenta na shekara 11.

Akwai kurakurai biyu da suke kayar da sababbin shiga. Na farko agogo: idan na kwamfutarka ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu, za ka ga siginal a allo amma ba za ka karanta komai ba, don haka a daidaita shi ta intanet ko GPS. Na biyu ƙure sautin da ke shiga na'ura da nufin ƙara ƙarfi, wanda ba ya ƙara komai sai gurɓata siginal da takura wa maƙwabta a zango.

Ga wanda yake ƙasashenmu, hayaniyar gida ita ce babbar matsala, domin inbata da cajar waya masu araha da fitilun LED suna zuba hayaniya a gajeren zango. Na'urar wat 5 tana iya aiki da ƙaramin batir, don haka ana iya kashe inbata ko a fita bayan gari. Kuma lambobin kira masu farawa da 5N na Nijeriya, ko 5U na Nijar, ko 9G na Gana ba su da yawa a iska, saboda haka idan tasha ta bayyana daga murabba'in JK30 inda Kaduna take, ko JK13 inda Yamai take, a taswirar da masu rediyo ke nuna wurinsu da ita, masu eriya manya a Turai da Japan su ne za su juyo da ita suna nema. Sharaɗin farko dai shi ne lasisi daga hukumar ƙasar da mutum yake, amma sauraro da tura rahoto zuwa PSK Reporter, shafin intanet da ke tattara rahotannin tashoshin da aka ji, ana iya fara su da na'urar karɓa kawai.