Magajin garin ƙauye a Faransa

To jama'a, abu uku na zo da su, in lokaci ya bar mu. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, yawa. Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kuma tsarin ya samo asali tun 1789. Kowace da majalisarta da magajin garinta, ko da mutanen ƙauyen ba su kai 100 ba. Irin wannan ƙauye kansiloli 7 gare shi, ana zaɓensu duk shekara 6, su kuma su zaɓi magajin gari a cikinsu. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke nan sun san zancen, "meri" ɗin nan, wato ofishin magajin gari, da kuke zuwa karɓar takardar haihuwa daga Faransa aka kwaso shi.

To wannan magajin garin ƙauye, ku dube shi da kyau. Sau da yawa manomi ne, ko tsohon malamin makaranta. Da safe yana kan tarakta, da yamma ya rataya ɗamara mai shuɗi da fari da ja ya ɗaura aure. Eh, shi ke ɗaurawa! Sai an yi na hukuma kafin a je coci ko masallaci. Liman, kada ka harare ni, ba ni na kafa dokar ba. (Dariya.) Fitilar titi ta mutu, shi. Rufin makarantar firamare na yoyo, shi. Kare ya hana maƙwabci barci, shi ɗin dai. Amma mai son tsayawa takarar shugaban ƙasa sai ya samu sa hannun zaɓaɓɓu 500, akasarinsu waɗannan magadan gari ne. Sai ka ga manyan Paris suna ta bugo wa manomi waya suna lallashi. Manomi fa!

Na biyu, ko na uku ne? Sanatocin ƙasar ma, wakilan majalisun ƙananan hukumomin nan ne mafi yawan masu zaɓensu. Mu wuce.

(Tambaya: Malam, ƙauyen da mutanensa suka watse fa?)

Yawwa, Hajiya, kin taɓo inda nake so. Kusa da garin Verdun, a yankin Meuse na Faransa, akwai ƙauyuka 6 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rushe a 1916, ba a sake gina su ba. Fleury-devant-Douaumont ɗaya ne. Ba mazauni ko guda, amma har yau kowanne yana da shugabansa, wakilin gwamnati a yankin Meuse ke naɗa shi. Aikinsa share hanyoyi da kula da wuraren tunawa da matattu, da tarbar jikokin mutanen garin in sun kawo ziyara.